Mai Jegon Bahar Maliya

Masu turo mini saƙo kuna cewa, "Sailuba, ina aka kwana a maganarki da mai kifi?" to ku gyara zama. Amma don girman Allah ku daina ce masa mai kifi. A gidanmu ma sunan nan ya ishe ni, sai kuma ku zo ku ɗora.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni ce Sailuba, 'yar fari a gidanmu. A nan Riyad aka haife ni, Kano na je na yi karatu, na dawo ina aiki a wani kantin magani a unguwar Ulaya. Abbana likita ne, irin wanda in ya ce a yi abu a asibiti babu mai tambayarsa dalili, kuma da halin yake tahowa har gida. Ko ƙofar ɗaki Abba ba ya ƙwanƙwasawa, sai dai ka gan shi a kanka yana neman rimot. Ummana kuwa, Hajiya Muhibba, kunya ce da ita kamar ta yi mata yawa. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, saboda ni ce ta fari. "Ke" take ce mini, in ranta ya yi fari ta ce "yarinyar nan." Sunan Abba kuwa ko ma'aikaci ne ya tambaye ta, iƙama, katin zaman ƙasa, take miƙa masa ya karanta da kansa. Ku riƙe wannan, zai yi muku amfani a gaba.

Shi kuma wanda kuke tsokana, sunansa Muhyiddeen, ɗan Zariya ne. A kantinmu muka haɗu, ranar da ya zo ya ce in ba shi maganin jiri da amai kwali guda. Na kalle shi na ce, "Malam, matanka nawa ke laulayi?" Ya yi dariya har da riƙe kanta, ya ce ko ɗaya ba shi da ita, na masu shiga jirgin ruwa ne. Ashe halittun teku ya karanta. Suna da ɗan ƙaramin kamfani a wani bene kusa da mu, suna ɗibar mutane su kai su wani tsibiri a Bahar Maliya, can gaba da garin Jizan, su nuna musu ƙaton kifin nan da Larabawa ke ce wa hut, Turawa su ce wel. Mu a gida kifin Annabi Yunus muke cewa. In ka ce kifi a gaban Muhyiddeen sai ya gyara zama ya ce ai ba kifi ba ne, dabba ce, haihuwa take yi ta shayar. Ni dai kifi zan ci gaba da cewa, sai ya yi haƙuri.

Ranar da ya fara zuwa gaisuwa na sha ado. Leshi ruwan hoda na sa, na yi ɗauri sau ba adadi kafin ya zauna, na turare falo da bakhur har Abba ya yi tari. Ina tsammanin Umma za ta gaisa da shi daga bayan labule ta wuce, yadda uwa ke yi wa mai neman 'yarta. Ina! Sai ga ta ta shigo ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa, ta kafe shi da ido.

"Muhyiddeen," ta ce.

Gatsal ta kira sunan, kamar mai kiran direban tasi. A wurin Umma wannan ba ƙaramar magana ba ce: ba ta ɗauke shi suruki ba, ba ta kuma da niyyar ɗauka.

"An ce harkar kifi kake. Kamawa kuke yi?"

"A'a, Umma, ba a kama shi."

"Sayarwa?"

"A'a."

"To ci?"

"Ba a ci, Umma."

"Ikon Allah. To me kuke yi masa?"

Ya sunkuyar da kai. "Kallo."

"Kallo," Umma ta maimaita a hankali.

"Daga nesa," ya ƙara. Wayyo ni Sailuba, wa ya aike shi?

Nan ya shiga bayani bilhaƙƙi. Wai jiragen duk na masuntan ƙauyen ne, su ke tuƙawa, su ake biya. Matan ƙauyen ne ke dafa wa baƙi abinci. Wani kaso na abin da aka samu da shi ake fitar da tsofaffin tarun da aka yar a ruwa, waɗanda ke naɗe kifin su kashe shi. Duk hoton da aka ɗauka kuma ana tura wa masu bincike don a san ko kifin na ƙaruwa ko raguwa. Ni wallahi daɗin bayanin nake ji, har da gyaɗa kai. Umma kuwa ta bari sai da ya kai aya, sannan ta ce, "Wato ka baro Zariya, ka zo tsakiyar sahara ka kama ofis, kana sana'ar kallon kifin da ke can wata uwa duniya."

Tsarabar da ya kawo ita ta ƙarasa shi. Umma ta ga ƙunshi mai faɗi, ta zaci ko banda ce, tunda mutumin kifi ne. Tana buɗewa ta ga hoto a cikin gilashi: ruwa shuɗi, da wani baƙin tudu a tsakiya.

"Ina kifin?"

"Ga shi nan, Umma. Bayansa ne."

"Ko fuskar ma bai samu ba," ta ce da ni bayan ya tafi. Ta kai hoton sito ta jingine shi bayan buhun shinkafa, fuskarsa na kallon bango.

Daga ranar ban sake shan ruwa da daɗi ba. Da safe Bashari, da rana Bashari. Bashari ɗan ƙawarta ne, injiniya, mai mota mai sheƙi da aikin da ake iya faɗa wa mutane. "Ke, me zan ce wa dangi a Kano? In an ce me surukinki ke yi, in ce kallo?" Na yi kuka, na yi yajin cin abinci na rabin yini, na ci dabino a ɓoye. Ƙarshe Abba ya gaji da mu, ya ce shi ba ya ba da 'yarsa ga wanda bai ga wurin aikinsa da idonsa ba. Zai bi Muhyiddeen har tsibirin. In ya dawo zai faɗi magana ɗaya: ko ya turo magabatansa, ko kada ya sake tako benen gidanmu.

Umma ta ce ba ta yarda Abba ya je shi kaɗai ba, yaron zai kalallame shi da turanci. Ta haɗa shi da ƙaninta, Kawu Basiru, direban wani sito a unguwar Sulay, don ya zama idonta. Kawu ya roƙi kafilinsa, wato ubangidansa a wurin aiki, hutun ƙarshen mako, ya zo gidanmu yana bugun ƙirji wai shi da ya yi wanka a dam ɗin Tiga wane ruwa ne zai ba shi tsoro.

Kafin su tashi na tura wa Muhyiddeen saƙo: "Duk abin da Abba ya ce, ka ce to."

Ya rubuto: "In sha Allah."

Na ce: "Ba in sha Allahun Larabawan ofis nake so ba. Ka ce to."

Ya turo mini fuska mai dariya. Da na sani da tun a nan na fara kuka.

Ranar Asabar da hantsi muna zaune a falo ni da Umma. Tana sanye da atamfarta ta zaman gida tana gyaran zogalen da wata 'yar Maraɗi ta kawo mata, ni kuma ina cikin doguwar riga da hular barci, waya a hannu, na kasa ko karyawa. Sai ga saƙon murya daga Kawu. Na danna.

"Yaya... ku yafe ni. Duk wanda na ɓata wa ya yafe ni. Ruwan nan ba shi da ƙarshe, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yaron ya ba ni magani tun a gaɓa na ƙi sha, na ce ni direba ne. Yaya, ki riƙe mini yara..."

Sauran ba zan iya rubuta muku ba, sauti ne kawai. Umma ta yi tsaki ta ce, "Ɗan leƙen asirin ke nan."

Can an jima sai ga kiran bidiyo. Na jingine wayar a jikin fulas ɗin shayi muka sa kai. Ga Kawu a zaune dirshan a ƙasan jirgi, ya rungume bokiti da hannu ɗaya, waya a ɗayan. Ga Abba a tsaye cikin farar shaddarsa, an ɗaura masa rigar ruwa mai ruwan lemo a kan babbar riga, ya yi ƙuru-ƙuru. A wuyansa sabuwar kyamara ce da ya saya musamman, don ya riga ya yi wa abokan aikinsa alkawarin hoton da zai kai hannu ya shafa kan kifin. A baya wani dattijon masunci ke riƙe da inji. Muhyiddeen na gaba da abin hangen nesa, iska na kaɗa masa riga. Ku yi haƙuri, amma ya yi mini kyau.

Sai muka ji wani "fuuu!" Ruwa ya yi tsiri sama can nesa, wani baƙin abu mai tsawo ya taso ya lanƙwasa ya koma. Kawu ya ƙwalla salati har wayar ta kusa faɗawa bokiti. Ni kaina tsigar jikina ta tashi. Muhyiddeen ya ɗaga hannu, dattijon ya kashe inji.

"A'a, me ya faru?" in ji Abba. "Man ya ƙare?"

"A'a, Abba. Nan ne iyakarmu."

"Iyakar me? Daga nan me zan gani? A matsa."

"Ba a wuce nan, Abba. In ta ga dama ita za ta matso."

Abba ya juya ya yi wa dattijon Larabci, yalla, a tayar, a je kusa. Dattijon ya nuna Muhyiddeen da haɓa, alamar maganar tana wurinsa. Na ga fuskar Abba ta canza. Irin canjin da in na gani a gida nake tuna ina da wanki.

"Muhyiddeen, ni nake ce maka a matsa."

Na fizgi wayar Umma na shiga rubuta masa: "KA MATSA." "Don Allah ka matsa." "Kifi ne fa!" Babu wanda ya shiga, wayarsa na cikin jaka. Muka ji Kawu ya ɗago daga bokiti yana raɗa da ƙarfi, raɗar da har Riyad ta iso: "Kai yaro, aure kake nema ko kifi?"

Jama'a, sai Muhyiddeen ya ajiye abin hangen nesan, ya durƙusa a gaban Abba. Jirgi na tangaɗi, shi yana durƙushe yana dafe da katako kada ya kife.

"Abba, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma ba zan matsa ba. Da ɗanta take, sabuwar haihuwa ce. In muka je da inji za ta firgita ta nutse, shi kuma bai yi ƙwarin da zai bi ta ba, suna iya rabuwa. In aka dame su suka bar wurin nan, mutanen ƙauyen nan abincinsu ne ya tafi. Na yi musu alkawari ko wa na ɗauko ba zan wuce nan ba."

Abba ya kalle shi sama da ƙasa. Sannan ya rufe bakin kyamararsa ya ce, "Madalla. A juya jirgi. Na ga abin da na zo gani."

Na zame daga kujera na zauna a ƙasa. Haushinsa nake ji kamar in shiga wayar in shaƙe shi, kuma a lokaci guda ban taɓa jin ina sonsa irin na ranar ba. Na juya don in ga Umma tana murna, tunda ta samu yadda take so.

Ba murna take ba. Ta saki zogalen a faranti, ta matso da fuskarta jikin waya.

"Ke, me ya ce? Da ɗa take?"

"Haka ya ce, Umma."

"Basiru! Juya mini wayar nan in gani. Ka daina rawar hannu, sai ka ce ba namiji ba."

Kawu ya juya. Muka jira. Can sai baƙin tudun ya sake tasowa, kuma a gefensa, manne da shi, wani ɗan ƙarami ya ɓullo ya yi nasa ɗan "fu" ɗin, ya koma.

"Allah sarki," in ji Umma, muryarta ta yi ƙasa. "Ashe mai jego ce." Sai ta gyara ɗaurin kallabinta. "Ba Dokta wayar."

Tunda nake ban taɓa jin Umma ta ɗaga wa Abba murya ba, ko a ɗaki, balle a gaban mutane. Fuskar Abba ta cika wayar.

"Dokta, mai jego za ka kutsa wa? Da inji?"

"Hajiya, kifi ne fa."

"Yaron nan ya ce shayarwa take yi. Duk mai shayarwa mai jego ce." Ta ja numfashi. "Ka manta lokacin da na haifi yarinyar nan a garin nan? Ba uwa, ba inna, ba mai dafa mini ruwan wanka, ba mai dama mini kunun kanwa. Washegarin da aka sallamo ni ka kwaso abokanka na asibiti, maza da mata, har cikin ɗaki, kowa da kyamara, wai sun zo ganin jaririya. Da ɗinki a jikina na tashi na dafa muku gahawa. Yarinya tana tsala kuka ana miƙa ta hannu zuwa hannu, ni ina tsaye a kicin ina nawa kukan. Da a gida ne, da akwai tsohuwar da za ta zauna a bakin ƙofa ta ce muku a dakata. Ni ban samu ba. Yau wata ta samu mai tsaya mata, shi ne za ka ce a juya jirgi don an hana ka?"

Hawaye ne ke zubo mata, ba ta ko share ba. Ni ban taɓa jin labarin nan ba, kuma ni ce jaririyar. Tausayinta ya kama ni. Abba ya buɗe baki zai yi magana, sai hoton ya daskare da bakinsa a buɗe, netwok ya ɗauke.

Yinin nan ban san yadda na yi shi ba. Umma ta koma kan zogalenta kamar ba ita ba. Bayan azahar Kawu ya turo saƙon murya, ya dawo hayyacinsa har yana taunar abu. Wai ba a juya jirgin ba, sun zauna shiru a inda suke har mai jegon ta yi gaba da ɗanta. Wai matan ƙauyen sun yi musu shinkafa da kifi, ya ci faranti biyu don ya rama abin da ya zubar. Dokta kuwa har yanzu bai faɗi hukuncinsa ba.

Sai ga saƙon Muhyiddeen: "Na ɓata komai ko?"

Na rubuta "Eh," na goge. Na rubuta "A'a," na goge. Ƙarshe na tura masa: "Ka ci abinci?"

Washegari bayan la'asar suka iso. Na sa baƙar abaya a kan kayan gida, na yi tsaye a bayan kujera ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Umma na zaune a falo tana kallon talabijin. Ƙofa ta buɗe, warin busasshen kifi ya riga kowa shigowa, don Kawu leda guda ya sayo a wurin matan ƙauyen. Abba ya biyo shi, fuska ba yabo ba fallasa. Daga bayansu sai muka ji muryar Muhyiddeen, ya ɗauko jakunkuna, yana sallama.

Kafin in ƙifta ido Umma ta miƙe zumbur. Ta laluba mayafi ba ta samu ba, ta fizgi sallayar da ke kan kujera ta lulluɓa a ka, ta yi ɗaki da sauri har ta bar takalmi ɗaya a tsakar falo. Ƙofa ta rufe.

Muhyiddeen ya tsaya sororo, ya zaci fushi ne. Ya je ya durƙusa nesa da ƙofar ya ce, "Umma, ina wuni. Mun same ku lafiya?"

Daga ciki wata siririyar murya ta amsa, da ƙyar ake ji: "Lafiya lau. An dawo lafiya? Ke, ki ba... ki ba shi ruwa mana."

Ki ba shi. Ba suna. Kawu Basiru ya saki ledar kifi ya tuntsire da dariya har da buga cinya. "Kai yaro, tashi! Ka ci gari. Yaya ta fara jin kunyarka!" Sai a lokacin na tuna tun jiya a waya "yaron nan" ta ce.

Abba bai yi dariya ba. Idonsa na kan talabijin, inda aka jingine wani hoto a cikin gilashi, an goge shi tas: ruwa shuɗi da baƙin tudu. Ban san lokacin da ta ɗauko shi daga bayan buhun shinkafa ba. Abba ya kunna kyamararsa ya miƙo mini. Nasa hoton ma baƙin tudu ne, sai dai ya fi wancan ƙanƙanta, kuma ya karkace.

"Kai," ya ce da Muhyiddeen. "Ni ba a ce mini a'a."

"Ka yi haƙuri, Abba."

"Ban ce ka yi magana ba." Ya cire hula ya share goshi. "Ka ce wa manyanka su zo."

Kawu ya rangaɗa kabbara. Ni na toshe baki da abaya don kada in yi guɗar aurena da kaina. Muhyiddeen ya shiga godiya yana haɗa Hausa da Larabci, amma Abba ya riga ya juya. Ya sunkuya ya ɗauki takalmin Umma, ya nufi ɗakinta. Na zaci zai tura ƙofar yadda ya saba. Sai na ga ya tsaya. Ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa a hankali.

"Hajiya," ya ce. "In shigo?"

Har Kawu ya daina tauna busasshen kifinsa.

"A dakata," in ji Umma.

Muhyiddeen ya tafi, Kawu ya tafi, an kira magariba an idar. Yanzu haka da nake rubuta muku, Abba ya dawo daga masallaci ya jawo kujerar roba ya zauna a bakin ƙofar, takalmin na kan cinyarsa. Bai sake ƙwanƙwasawa ba, ita kuma ba ta buɗe ba.